Takardar Ɗakin Kaka

A shekarar da aka fara koya mana Turanci a elemantaren Makarfi, malaminmu ya ba mu aikin gida. Kowa ya zaɓi ɗaki ɗaya a gidansu ya siffanta shi da Turanci, ya faɗi abin da ke bisa wani, da na ƙarƙashi, da na baya. Ya ce a gyara rubutu, don Baturen makaranta zai zo daga Zariya ya karanta.

Ni a hannun kakata na tashi, don haka ɗakinta na zaɓa. Na zauna bakin ƙofa da fensir, na rubuta gadon ƙarfe, da jeren tasoshi, da faya-fayan da ke rataye a bango. Ta daɗe tana kallona ta wutsiyar ido kafin ta ce, wai maigidan nata me yake ƙirgawa? Haka take kirana in tana son tsokana, amma ranar babu dariya a fuskarta.

Da na gaya mata sai ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi. Ta ce ɗakin da ko surukanta ba su taɓa leƙawa ba, shi zan ɗauka in kai wa Nasara a takarda? Ina ruwansa da tasoshinta? Dama tun farko ba ta yarda da bokon nan ba. Ta rantse in takardar ta fita ba ta san abin da ke ciki ba, na gama makaranta, ƙauyen Janfalan za ta tura ni noma wurin kawuna. Ni kuwa wallahi ina son karatun nan kamar raina.

Na karanta mata da Hausa, na tsallake layi biyu na ƙarshe. Tsohuwar nan ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ta ga yatsana ya tsaya alhali da sauran rubutu a ƙasa. Ta yafa mayafi ta ja ni gidan maƙwabcinmu, wani tsohon soja mai jin Turanci, ta ce ya fassara mata tas.

Ya bi layi-layi har ya iso layi biyun da na tsallake. Ƙarƙashin gado akwai akwati, cikin akwatin akwai farin yadi sabo da kwalbar turare. Yana gama fassara mata wannan sai ya miƙa mata takardar.

Ni na daɗe da buɗe akwatin a ɓoye, na zaci ɗinkin Sallah take ajiye mini, shi ya sa na ƙi karantawa don kada ta gane ina mata bincike. Sai a hanyar komawa gida, da na ga ko zagina ba ta yi ba, jikina ya ba ni. Likkafaninta ne, ta saya ta ajiye ba ta gaya wa kowa ba.

A tsakar gida ta sa na nuna mata inda layukan suka fara. Ta yage wurin ta cusa a murhu, ta miƙo mini sauran, ta ce in kai wa Baturen tasoshi ya ji daɗi.

"Wancan kuwa ba nasa ba ne," in ji ta. "Amma tunda ka san inda yake, maigida, in ranar ta zo kai za ka ɗauko."

Ina aji biyu a makarantar Midil ta Zariya aka aiko in zo gida Kaka ta rasu, na kuwa ɗauko.