Yadda Aka Daina Zura Fura Cikin Rami

Mai yiwuwa na haɗa abubuwan da ba rana ɗaya suka faru ba, domin an ɗan jima, kuma ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Abin da ya zauna mini a rai kawai zan faɗa.

Bayan na gama bautar ƙasa, wani kamfanin haƙa a Kazaure ya ɗauke ni, aka ce ni ne mai kula da lafiyar ma'aikata. Wurin da aka fara tura ni ramin bututun ruwa ne a wajen Roni, cikin bazara. Katafila ke fasa ƙasa, leburori su bi bayanta da shebur da diga suna daidaita ƙasan ramin. Zurfinsa ya wuce tsayin mutum, ƙasar kuma rairayi ya yi mata yawa. In ka dafa bango sai ka ga yana zubowa kaɗan-kaɗan.

Sa leburori su riƙa saka hular kwano da takalmi bai ba ni wahala sosai ba. Hutun rana ne ya hana ni sukuni. Duk filin babu bishiyar kirki, inuwa ɗaya ce, ta cikin ramin. Da an idar da Azahar sai kowa ya gangara ya jingina da bango. Akwai wata dattijuwa Bafulatana da ke kawo fura daga rugar bayan dutse, har ta saba ɗaure kwano da igiya ta zura musu. Su sha, su miƙe ƙafa, wasu har da minshari. A samansu ga tulin ƙasar da katafila ta zubar, ga tifa na wucewa ƙasa na girgiza. Mai aiki ko ba komai idonsa biyu, zai iya gudu. Mai barci fa? Ina tsaye a rana ina kallon bangon nan.

Babbansu wani tsoho ne Babarbare, tsohon mahaƙin rijiya, kowa Baba yake ce masa. Na san in ya fito sauran za su fito, sai na durƙusa a bakin ramin.

"Baba, don Allah a riƙa fitowa hutu waje. Ban yarda da bangon nan ba."

"Injiniya, kai da me ka yarda? Jiya ma tsani ka ce ba ka yarda da shi ba." Aka bushe da dariya. "Na shiga rijiyar da in na ɗaga kai bakinta bai fi faifai ba. Wannan ai kwata ce."

"Rijiya zagaye take, Baba, tana riƙe kanta. Wannan a miƙe yake."

"To ka kawo mana inuwa zagayayya, sai mu fito."

Da wasa ya faɗa, amma na ga akwai gaskiya a ciki. Korar mutane nake yi daga inuwa, ba ni da inda zan kai su. Na je wurin mai kula da aikin ina kame-kame, ga mamakina bai ja ba. Ranar kasuwar Gwiwa aka sayo zana da itatuwa, muka kafa rumfa nesa da bakin ramin, muka girke randa.

Washegari aka idar da salla, kowa ya sha ruwan randa, ya yaba sanyinsa, ya koma rami. Can fura take sauka.

Sai na tari dattijuwar nan a hanya, na karɓe mata ƙwarya.

"Inna, alfarma nake nema. Ki daina zura musu fura."

"Kai ɗan nan, kasuwata kake so ka kashe?"

"A'a, Inna. Ki zauna a rumfa, mai so ya hawo."

"Ni ma bayana ya gaji da sunkuyon nan. Amma in tsohon nan ya zage ni, kai zan turo masa."

Ranar ta baje kayanta a rumfa. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa hawowa suna gunaguni, ban da Baba. Can muka ji muryarsa daga ƙasa: "Ke Bafulatana, ina igiyar?"

"Na ɗaure maraƙi da ita! Tun yaushe Babarbare ke aiken uwargijiyarsa? Hawo ka gaishe ni!"

"Uwargijiyar wa? Ku da muka koya wa zaman gari!"

Bai hawo ba. Kwanaki ya yi yana zama shi kaɗai a ƙasa yana cin goro, ni kuma ina tsaye a kansa cikin rana, domin na kasa shiga inuwa na bar shi. In tifa ta taho sai in ɗaga mata hannu ta yi nesa. Ko kallona ba ya yi.

Wata rana, ina jin Laraba ce amma ba zan rantse ba, sai na ga hularsa ta ɓullo a kan tsani. Ya kaɗe wandonsa, ya dube ni.

"Ba don bangonka na fito ba, Injiniya. Hira ce ta ƙare a ƙasa. Kuma in ka faɗi a ranar nan, ni za a ce na kashe ɗan mutane."

Inna ta dama masa fura, ta ce ta bayi ce, ba sukari. Ya shanye tas.

Daga nan duk inda ramin ya ci gaba sai mu tuge rumfar mu bi shi da ita. A iya sanina bangon bai taɓa ruftawa ba har aka binne bututun, saboda haka ba zan ce na ceci kowa ba. Na dai ji an ce har yanzu kamfanin rumfa yake fara kafawa kafin katafila ta taɓa ƙasa, ko da yake ban gani da idona ba.

In akwai wanda muka yi aikin nan tare, ya ga na ƙara ko na rage, ko na sa wa wani maganar da ba tasa ba, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara.