Kujerar Baturen Kuza a Zauren Baba

Na tsufa yanzu, har in zan kira jika ɗaya sai na bi sunayen rabin gidan kafin in dace da nasa. Amma akwai abin da ba zai taɓa goge mini ba sai ranar da aka rufe ni, wato yadda wata tsohuwar kujerar Bature ta shigo gidan surukaina ta nemi raba ɗa da ubansa, ni kuma ta nemi ta mayar da ni zaman bariki.

'Yan shekaru ne kafin a ba mu mulkin kai. Maigidana kuku ne a gidan wani Bature a Riruwai, inda ake haƙar kuza. Ya bar gandun ubansa a ƙauyenmu na kusa da Tudun Wada ba da son tsohon ba. Baba, wato surukina, abin da ya ce kawai ranar tafiyar shi ne bai taɓa jin ɗa namiji ya ajiye garma ya ɗauki ludayi ba. Maganar nan ta zauna wa mutumin nawa a zuci shekara da shekaru. Ni kuwa da na bi shi can, na tsani zaman barikin nan kamar me. Ba abokiyar daka, ba wadda za ki bar wa yaro ki je rafi, kowa da yarensa, kowa da ƙofarsa a rufe.

Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar wa kukunsa kujerar da ya fi ji da ita. Wai ta kakansa ce, wai ta ƙetaro teku a jirgin ruwa. Baƙin katako ce mai nauyin tsiya, mazauninta jar fata da aka kewaye da ƙusoshin tagulla, ƙafafunta an sassaƙa su kamar dagin zaki. Kullum da safe maigidana ke goge ta tun da ya fara aikin. Ni dai abin da na gani shi ne tsohon kayan da Bature ya ga ba zai iya sake jigilarsa ba, ya lafta wa bawan Allah. Shi kuwa maigidana idonsa sai ƙyalli yake. Ya ce mini, "Baba zan kai wa. Ranar da ya zauna a kanta zai san ba wasa na je yi ba."

Motar kaya ta sauke mu a Tudun Wada ranar kasuwa. Aka nemo jaki, jaki ya waiwaya ya dubi abin da ake shirin ɗora masa ya ce bai san zance ba. Dole ƙarti suka ɗauka a ka suna canji, 'yan kallo na biye da mu. Har wata tsohuwa ta tsaya a gefen hanya tana salati, ta zaci makara ce irin ta zamani.

Muka tarar da Baba a zaure, zaune a kan buzunsa yana tufkar igiya. Aka karkata kujerar, aka murɗa ta, da ƙyar ta shige ƙofa bayan ta ɓantare yaɓen gefe. Maigidana ya durƙusa ya ce, "Baba, ga abin da na zo maka da shi." Baba ya ɗaga kai ya dubi kujerar tun daga dagin zakin har sama, ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya mayar da kai kan igiyarsa. Aka kwana, aka tashi, aka sake kwana, Baba na kan buzu. Daga baya ma cewa ya yi a shigar da ita cikin gida, ta tare wa mutane wurin zama.

To, a gidan nan, muddin Baba na ƙasa, ba babban da zai hau abin da ya fi Baba tsawo. Saboda haka kujerar kakan Bature ta faɗa hannun waɗanda ba ruwansu da wannan doka. Gida ne cike maƙil: ga Inna, uwar mijina, ga matan yayyensa, ga yara ba a magana, ga awaki, ga kaji. Aka ajiye ta ƙarƙashin rumfa, kafin la'asar Inna ta shanya kuɓewa a kanta, ta ce ba ta taɓa samun mashanyar da akuya ba ta kaiwa ba sai yau. Akuya ta nuna mata ƙarya take, ta ci kuɓewar ta haɗa da gefen fatar. Wata kaza ta ga ramin da akuya ta buɗe ta yi ƙwai a ciki. Bafillatanar da ke kawo mana nono kuwa nan take sauke ƙwaryarta, tana sa wa mai kujera albarka. Yara suka ƙirƙiro wasa, ɗaya ya hau ya harɗe ya zama Joji, Baturen mulki, sauran su zo suna faɗuwa suna biyan haraji da tsakuwa, wanda bai biya ba a ɗaure shi a ƙafar zaki. Maigidana ya zama kamar mai gadin gero, ya kori wannan, ya daka wa wancan tsawa, tsumma da man gyaɗa ba sa barin hannunsa.

Ni ma na hau, kuma har gobe ban ga laifina ba. Ran nan maza sun tafi sharar gona, na ɗare na jingina, ƙafafuna na reto. Sai ga ni ina hango tsakar gidan maƙwabta ta saman danga, har abin da ke cikin tukunyarsu. A ranar na gane dalilin da ya sa Turawa ke kallon mutane yadda suke kallonsu. Duk wanda ya wuni a can sama dole ya ga kowa ya ƙanƙance.

Wasa wasa abin ya daina ba ni dariya. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, Baba ya nuna wa kowane ɗa gayaunarsa ta bana, bai ambaci maigidana ba. Shi kuma girman kai ya hana shi tambaya. Wata la'asar yana goge inda kaza ta ɓata, ya ce mini ba tare da ya dube ni ba, "Ki fara haɗa kayanki. In aka yi ruwan shuka Baba bai zauna a kujerar nan ba, Jos za mu. Can ba a rasa mai neman kuku." Na ji tsoro ƙwarai, don na san in muka sake fita, ba zai dawo ba sai dai ta'aziyya.

Washegari muna surfe da Inna, na kasa daurewa na zayyana mata. Ta tsayar da taɓarya ta ce, "Ke 'yar nan, tun yaushe ya faɗi haka kika zauna a kai? Uban ya kumbura, ɗan ya kumbura, mu ne za mu kwashi ɓarnar." Ta karkaɗe zane ta nufi turaka. Ban san abin da ta faɗa wa Baba ba, amma na ji muryarta ta fi tasa yawa.

Da hantsi aka ce a mayar da kujera zaure. Na ɗauki ƙwaryar kunu na maƙale a bakin ƙofar ciki kamar mai jiran a karɓa. Baba ya tattara rigarsa, ya yi bisimilla kamar mai shirin hawa baƙon doki, ya hau. Gajere ne Baba, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba. Ya dafa hannuwan kujerar, ya jingina a hankali, wallahi na ga daɗin abin ya bayyana a fuskarsa ƙarara. Maigidana na durƙushe a gefe, haƙoransa duk a waje.

Sai aka yi sallama. Malam ne, tsohon da ya karantar da Baba tun yana yaro, wanda kullum da hantsi yake zuwa ya shimfiɗa buzunsa a zauren nan su yi bitar littafi. Jin muryarsa ke da wuya Baba ya zabura zai sauko. Rigarsa ta maƙale a ƙusar tagulla, shi ya yi ƙasa, riga ta tsaya a sama, sai ga mai gida guda a durƙushe kansa cikin riga yana cewa, "Barka da hantsi, Malam," muryar na fitowa daga cikin zane. Na cusa gefen mayafina a baki, kunu na zuba mini a ƙafa. Yayyen mijina kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Malam ya zauna abinsa ya ce, "Ai da ka yi zamanka. Kyautar ɗa ce."

Baba ya fito da kansa daga riga yana haki ya ce, "Allah gafarta Malam, Allah ya kiyaye ranar da zan zauna ina kallon tsakiyar rawaninka." Sannan ya juya ga ɗansa. "Kai kuma, ka kawo mini abin da in na hau na fi Malam, in na ƙi hawa na ɓata maka. Tun ranar da ta shigo nake juya abin nan a raina. Gona kuwa, na zaci mai irin wannan kujera ya wuce noma, shi ya sa ban yi maka tayi ba."

Ashe abin ke nan. Mu muna can muna cewa Baba na ƙyamar kayan Nasara ne, ashe tsoho na son kujerarsa, hanyar hawa ce ya rasa.

Babban wan mijina, wanda bai taɓa ƙaunar kujerar ba, ya yi caraf ya ce, "Ai mai sauƙi ne, Baba. A kira kafinta ya datse ƙafafun." Na dubi mutumin nawa, fuskarsa ta canza kamar an ce nasa ƙafafun za a datse. Baba ma ya dube shi. Sannan ya ce, "A'a. Abin da yaro ya daɗe yana gogewa ba za a sa masa zarto ba. In kujera ta ƙi saukowa, ƙasa za ta buɗe mata." Ya miƙa hannu bayan ƙofa ya jawo daginsa na haƙa, ya miƙa wa maigidana. "Kai za ka haƙa, nan jikin bango. In ka gama kada ka mayar da shi. Gonar bakin rafi na buƙatar shinge, taka ce."

Haka mijina ya tuɓe riga ya fasa daɓen zauren ubansa, yana haƙa yana share ido, yana cewa wai ƙasa ce ta faɗa masa. Aka zura kujerar a rami har mazauninta ya zo daidai da buzun Malam, aka mayar da ƙasa aka daɓe. Baba ya zauna, ya miƙe ƙafafu a kan daɓe, ya jingina bayansa, ya buɗe littafi. Mutane har daga ƙauyukan kewaye suka riƙa zuwa kallon kujerar da aka binne da ranta. Ni kuwa na koma ɗaki na kwance ƙunshin kayana.

A nan Baba ya zauna kullum har Allah ya karɓi abinsa. Da aka zo ciro ta bayan rasuwarsa, sai ta taso sakayau, gara ta cinye ƙafafun zakin tas tun ba a san yaushe ba. Maigidana ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka.

Abin da na koya ke nan, kuma shi nake gaya wa jikokina in sun zo suna kumbure-kumbure wai an raina su: in babba ya karɓi kyautarka ya yi shiru, kada ka yi saurin ɗaure kaya. Ka tambaya tukuna. Wataƙila yana so, wurin da zai ajiye ta ba tare da ya taka wani ba yake nema.