Ƙofar Hayaƙin da Yayana Ya Ɗaure

Shekarun baya ne, ina sakandare, yayana ya sayi wani tsohon babur a garin Hasahisa. Irin dogayen nan ne da ake zuba wa benzin haɗe da man inji, in sun wuce su bar maka shuɗin hayaƙi. A ƙauyenmu, kusa da Wad Haddad, samari kan yi tsere ranar Juma'a bayan la'asar, kuma kullum yayana ƙurar wasu yake sha.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin diddigi. Wata rana na dawo daga makaranta na tarar ya kwance gefen injin a inuwar darbejiya, sai na tsuguna da jakata.

"Yaya, mi ne ne wanga?"

"Balf ne. Matsa, kin tare mini haske."

"Mi yake yi?"

Ya harare ni, amma yayana bai iya ƙin nuna gwaninta. Ya ce wata 'yar ƙofa ce a bakin ramin da hayaƙi ke bi ya shiga salansa. In ana tafiya a hankali sai ta sauko ta rage ramin, injin ya samu ƙarfin ja. In gudu ya yi gudu, wata siririyar waya ta ɗaga ta, hayaƙi ya fita sarai.

"Kafin ta gama buɗewa an wuce ni," in ji shi. Ya zare wayar, ya ɗaure ƙofar a buɗe.

"To masu ƙera shi don mi suka sa ta?"

"Don tsofaffi irin Baba. Tashi ki taya Inna gasa gurasar kisra, ya ustaza."

Juma'ar nan shi ya zo na ɗaya. Daga cikin gida na ji kukan babur ɗin ya sauya, ya koma siriri kamar ana yaga sabon yadi. Tun daga nan na rasa sukuni, ina son in ji a jikina yadda 'yar ƙofa guda ke sauya halin inji.

Da aka ba ni abincin mahaifina in kai masa hawasha, gonarmu ta auduga, na roƙi yayana ya kai ni. Mahaifiyata ta leƙo daga madafa ta ce, "Kai, in ka yi gudu da ita ban yafe ba." Wallahi kuwa bai yi gudu ba. Tafiyar hankalin ce ma ta ja mana.

Hanyar tana hawa kan gaɓar tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, kuma lokacin a cike take. Muna fara hawa injin ya soma nishi kamar jaki da kaya. Yayana ya murɗa totur, shiru. Ya ƙara murɗawa. Har na buɗe baki zan tambaye shi ko rashin ƙofar ne, sai muka kai sama, ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Ƙafar gaba ta tashi. Na ga sama, na ga ruwa.

Ban iya iyo ba. Na rufe ido ina ta kalmar shahada da ƙarfi, ina bankwana da duniya, sai na ji ƙafata a kan laka. Ashe ruwan iyakarsa ƙirjina. Da ni kaɗai ce, da abin dariya ya zama.

Na waiga ban ga yayana ba. Kan babur kawai na gani, da ruwa yana ɓulɓulowa a gefensa. Na lalubo wuyan rigarsa na ja, bai taso ba, babur ya danne masa ƙafa cikin laka. Na tokare bayansa da gwiwata, na tallafo haɓarsa da hannu biyu, da ƙyar hancinsa da bakinsa suka fito. Ya yi tari, ya ce, "Kada ki sake ni."

"Yi shiru, Yaya, ruwa zai shiga."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Hannuwana suka mutu, lakar tana jan ƙafata, duk motsin da na yi sai ruwa ya rufe masa baki. Na yi ihu da Hausa, na yi da Larabci. Can wasu mutum biyu da ke ban ruwa suka taho a guje, suka yar da shebur suka faɗo. Da suka ɗaga babur ɗin suka jawo shi gaɓa, babbansu ya dube shi yana haki ya ce, "Ya zol, bawan Allah, in wanka kake so, ai ba a shiga da babur." Kowa ya yi dariya, har yayana. Ni dai ban iya dariyar ba.

Ƙafar ta tsage a idon sawu, aka yi masa ɗori. Mahaifina bai yi faɗa ba. Da yayana ya warke ya ce zai sayar da babur ɗin, sai ya ce masa, "Mayar da ƙofar yadda ka same ta tukun. Kada ka sayar wa ɗan wani da kabarinsa."

Yanzu yayana yana tafiyarsa lafiya lau, shi ke ba da labarin ma a wurin shayi, yana ƙara masa gishiri. Ni kuma son sanin abu bai bar ni ba, sai dai na koyi in tambayi me abu ke tarewa kafin in yi murnar an cire shi. Amma jikina bai yarda an gama ba. Ko a cikin kasuwa nake, in na ji babur ya tashi daga nishi ya koma wannan siririn kuka, sai in tsaya cak, in ga hannuwana biyu sun ɗago da kansu, suna neman haɓar da za su riƙe.