Rijiyar Wa Ka Tura Ta?

Jiya zufa ta karyo mini a gaban Kawu Sanda, shugaban manoman albasa na garinmu. Tun daga can Giyawa ya hawo babur zuwa wurina a Goronyo don ya ga manhajar da na yi musu ta rabon kwanakin ban ruwa. Shi zai ce a karɓa ko a bari.

Na buɗe emuleta, wato wayar gwajin da ke cikin kwamfutata. Allo fari fat! Alhali a kwamfutar, ina rubuta localhost, adireshin da na'ura ke kiran kanta da shi, sunayen manoma ke fitowa.

Kawu ya leƙo. "Mi ya hwaru, ɗana?"

Na ce, "Kawu, sunayen na cikin kwamfuta, wayar ma ciki take, amma ta ƙi ɗauko su."

Ya gyara hula. "Ni da Malam Bello hwadama guda muke, amma kowa da rijiya tai. In tawa ta ƙahe, sai in ja tiyo wurinai. Ita wagga, rijiyar wa ka tura ta?"

Na sake duba adireshin da na sa wa wayar. Ashe a wurin emuleta, localhost ita ce kanta, ba kwamfutata ba. Na goge, na sa 10.0.2.2, adireshin da take bi ta iske kwamfutar. Sai ga sunaye sun zubo, nasa a sama.

Ya yi dariya. "To, ruwa ya taho. Mun karɓa."

Shekara huɗu ina karatun kwamfuta, ga mai tiyo ya gyara mini aiki. Ku fa, wa ya taɓa koya muku sana'arku haka?