Rairan da Aka Juye a Ƙofar Kango

Akwai wata la'asar da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun wuce, amma ina ganinta kamar jiya.

Lokacin muna zaune a wani kango a unguwar Zariya, ni da maigidana da yaranmu. Gidan na wani Alhaji ne ɗan kasuwa, ya ɗaga gini ya dakata, ya ba mu ɗaki ɗaya mai rufi muna yi masa gadi. Haka ake yi a Maraɗi. Ba ka biyan haya, amma ranar da mai gini ya tashi ci gaba da aikinsa ba lallai ya aiko maka kowa ba. Rairai kawai za ka ga an juye a ƙofa, ka san sauran. An taɓa yi mana haka a Sabon Gari, muka kwashi kaya ruwa na dukanmu.

Tun daga nan maigidana ya canza. Ɗan kabu-kabu ne mai barkwanci, yana haya da moto, wato babur, amma ya koma barci sai ɓarawo, tuwo sai ya tsakura ya ture. Ko ƙusa ba ya bari in buga a bango, wai ba namu ba ne.

Ranar ina wanke-wanke na ji kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, yana ja da baya. Kafin in fito ya juye rairai tuli a ƙofarmu ya wuce. Na tsaya da kumfa a hannu. Damina ta kama, ina za mu nufa? Har na yi tunanin ɓoye masa, sai dai tulin rairai ba ya shiga bayan ƙyaure.

Da ya dawo bai ko sauka daga moto ba. Ya zuba wa tulin ido.

"Yaushe anka kawo shi?"

"Ɗazu. Maigida, shigo ka sha ruwa tukuna."

"Ina za ni kai ku kuma?"

Ya so ya ƙara magana, sai na ga bakinsa ya karkace. Moto ta kwanta, ya bi ta. Na kama hannunsa na dama na ji shi saɓule kamar tsumma. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Maƙwabta suka kwashe shi zuwa likita, aka ce tansiyo ce ta hau, wato hawan jini, ɓarin jikinsa ya shanye.

Washegari na zo gida ɗaukar masa kaya na tarar da direban kamiyon da masu shebur suna kwashe rairan.

Direban ya ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, na gidan baya ne. Layi na ɓata."

Na wanke shi tas, ban rage masa komai ba. Da na gaji na zauna a dakali na yi kuka, don na san ba shi ya kayar da mijina ba. Tulin rairai ba ya kayar da lafiyayye. Fargaba ce ta daɗe tana cinsa, ni kuma ina gani ina cewa gajiya ce.

Yanzu muna garinsu Jiratawa, a ɗakin ƙasa na gidan iyayensa. Yana barci, amma bai sake hawa moto ba. Abin da na koya shi ne, wanda ke kwana ƙarƙashin rufin wani ba sai an kore shi yake cutuwa ba. Jiran korar kaɗai ya isa ya karya magidanci.