Mainasara da Mujallar Amo

Mainasara Sifawa ya fara sana'ar talla ne da lasifika ɗaure a bayan babur, yana zagaya kasuwar Bodinga yana yabon takin zamani da man shafawa. Muryarsa ta karɓu, har ya buɗe ɗan shago inda yake ɗaukar wa 'yan kasuwa talla a kaset.

A shekarar 2009 wani dillalin albasa daga Kajiji ya gaya masa sai da ya je birnin Sakkwato kafin ya samu mai zana masa allon shago. Alhali ga dattijo Abdulaziz mai zane a Shagari, nan kusa da Kajiji, gwanin gaske, ba a dai san da shi ba. Abin ya tsaya wa Mainasara a rai. Ya bi masu irin sana'arsu ɗaya bayan ɗaya, masu ɗaukar murya da masu zane da masu bidiyo, ya tarar rabinsu ba su ma san juna ba.

Haka ya kafa musu mujallar Amo, shafi huɗu, kwafi hamsin. Fitowar farko ba ta je ko'ina ba. Da ya kai wa Abdulaziz tasa, dattijon ya jujjuya ta ya miƙo masa.

"Ɗana, mu da allo munka tashi. Wa zai karanta muna boko?"

"Gaskiyarka, Baba," in ji Mainasara. "To kai za ka rubuta rabin da ajami."

Abdulaziz ya yi dariya, amma ya rubuta, da hannunsa mai kyau. Fitowa ta biyu kwana uku ta yi ta ƙare. A cikinta aka koyi fentin da ke jure zafin bazara, da dabarar nisanta janareta don kada ƙararsa ta shiga ɗauka.

Shekara ta huɗu Mainasara ya rubuta cewa mai talla kada ya ce magani ɗaya na warkar da cuta ashirin. Masu magani biyu suka ɗauke masa aiki. Bai janye ko kalma ba, sai ma ya sake buga rubutun da manyan baƙaƙe.

Yau 'yarsa Sumayya, wadda ta karanta aikin jarida, ita ke shirya Amo tana turawa ta waya har Kabi da Zamfara. Shi kuma yana nan da shafinsa na gwajin kayan aiki. Ta ba shi sabuwar makirfo ya duba, tana ta tuna masa lokaci ya ƙure. Ya ce ba zai yabe ta ba sai ya ji yadda take ranar kasuwa.