Tsohon da na gani a madubin bindiga

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku a kaina ya faru, ba ji na yi a bakin wani ba. Shekarun baya ne, ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a Washington, kullum sammako kullum jirgin ƙasa, har Allah ya hore mini na bar gidan haya a Woodbridge na sayi nawa can gaba, bayan gari sosai, inda ko maƙwabci sai ka shiga mota kake zuwa gaishe shi. Abin da ya ja ni gidan kuwa tafkin da ke bayansa ne. Ina tarewa na zuba agwagi da zabi, uwargida ta yi ɗan lambunta na alayyafo da kuɓewa a gefe, kai, ji nake kamar na koma ƙauyenmu.

To ashe akwai masu wurin. Wata dabba ce mai kama da gafiya amma ta ninka ta ƙiba, ita ta cinye lambun tas, ta kuma bi gaɓar tafkin da ramuka har ƙasa ta fara zaftarewa, ga yanyawa tana ɗauke mini 'yan agwagi ɗaya bayan ɗaya. Ranar da uwargida ta zurma ƙafa a rami ta targaɗe na ce magana ta ƙare, bindiga zan saya.

Ni da ko ta toka ban taɓa riƙewa ba! Sai na nemi abokina Bulus, mutumin Filato ne, nas a asibitinmu, wanda ya gaji farauta wurin ubansa. Ku zo ku ga zumuɗi, a jirgi karatun bindiga nake, a wurin aiki zancen bindiga nake. Muna shiga shagon na nuna wata ƙatuwa na ce ita nake so. Bulus ya kwashe da dariya ya ce, "Haba Alhaji, yaƙi za ka? Wannan harsashinta sai ya wuce gafiyar ya tarar da mutum a garin gaba." Mai shagon, wani dattijon Bature, ya jera mana harsasai a tebur: ga mai lamba goma sha bakwai, siriri mai gudu amma iska na kaɗa shi, ga mai lamba ashirin da biyu, ba ƙara sosai kuma ya ishi ƙananan dabbobi daga kusa. Bulus ya ce mai ashirin da biyun za mu ɗauka, a ɗaura mata madubin hange, sannan ya ja mini kunne cewa ko da wasa kada in harbi saman ruwa, don harsashi tsalle yake yi a kai ya tafi inda ba a aike shi ba. Aka gama bincike da takardu, na yi ta zuwa filin koyon harbi har hannuna ya faɗa.

Ranar wata Asabar bayan la'asar, rana tarwai, muka zauna ni da Bulus a gefen tafkin. Ba mu jima ba sai ga gafiyar ta fito a tsallake, ta tsaya kan ƙafafunta na baya, tudun ƙasa a bayanta, daidai yadda ake so. Bulus ya raɗa mini, "Ga ta nan, a hankali." Na ɗora ido a madubi zuciyata na bugawa don murna, yatsana har ya taɓa kunamar bindigar.

Innalillahi! Wallahi ba gafiya na gani ba. Wani tsoho ne tsugunne a wurin, farar rigarsa jiƙe sharkaf, ruwa na ɗiga daga gemunsa, idonsa cikin nawa. Na ɗago kai da sauri, gafiya ce tsaye. Na mayar da ido, tsoho ne. Na miƙa wa Bulus bindigar na ce duba mini, kamar madubin ya yi datti.

Bulus, mutumin da ya saba da daji, yana leƙawa ya zabura. Ya ce, "Yesu! Alhaji, wane ne wannan a cikin ruwa?" Na ce a cikin ruwa kuma? Ba a gaɓa yake ba? Ya ce wace gaɓa, ga shi nan ruwa iya gwiwarsa, wajenmu ya nufo. Na karɓe na sake dubawa, ni ma ban san abin da ya kai ni ba, sai na tarar fuskarsa ta cika madubin, har tamojin goshinsa ina gani, yana girgiza mini kai a hankali. Na sauke bindiga, da ido tsirara ba kowa, sai ruwan da ke darewa biyu yana matsowa kamar mutum na ratsa shi, agwagina duk sun yi tsit sun ba da hanya.

Wa ya ga gudu! Ni ina Ayatul Kursiyyu, Bulus yana nasa addu'o'in, takalminsa ɗaya ma a can ya bar shi. Muna shiga gida na cire harsasai, na sa bindigar a akwatin ƙarfenta na kulle, makullin a aljihuna ya kwana.

Da safe na buɗe akwatin. Warin taɓo ne ya fara dukan hancina. Bindigar jiƙe jagab, madubin cike da ruwa, sannan an naɗe kunamar da ɗanyar ciyawar tafki, an ƙulle ta ƙulli mai kyau irin na hannun mutum. Uwargida ta leƙo ta ce, "Abban Hanifa, wa ya yi wannan?" Na rufe akwatin kawai. Ranar na mayar wa mai shago kayansa, ya jujjuya madubin ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin ruwa ya shiga irinsa ba.

Har yau muna gidan, lambun kuwa na kewaye shi da waya. Bulus bai ƙara takowa bayan gidana ba, in ya zo a falo yake tsayawa. Ni kuma na ɗauki ɗabi'ar yin sallama duk sanda zan je bakin tafkin. Kwanakin baya ina dawowa daga ba agwagi abinci uwargida ta tare ni a ƙofar kicin, ta ce baƙo muka yi ne? Na ce a'a. Ta ce to wa ta ji ya amsa mini sallama?

Don Allah 'yan'uwa, in kun sami wuri mai ruwa, ko a wace ƙasa ce, ku shige shi da bismilla da sallama, kuma kada ku yi saurin ɗana wa abin da kuka tarar a wurin bindiga. Ni dai yanzu haka da nake rubuta muku tsigar jikina tashi take yi.